Gayyar Aikin Ido a Pedra Mansa

An kama Gleidson Arrais, manajan Asibitin Macambira, ranar Alhamis da hantsi a cikin ofishinsa, kan mutuwar wani tsoho mai suna Ozanam Feitosa. Bai yi gardama ba. Asibitin kuma bai rufe ba ko na yini guda. Wanda ya rufe shi ne ƙaramin asibitin ido na bayan kasuwa, wanda ko buɗewa bai kai ga yi ba.

Abin ya faru ne a garin Pedra Mansa, can cikin jihar Ceará, a watan Satumba, lokacin da rafuka suka ƙafe. Sufeto Jurandir Tabosa ne ya yi binciken.

Ranar Lahadi da safe wani mai sayar da ruwa a amalanken jaki ya shigo ofishin 'yan sanda, ya ce akwai mutum kwance a ƙarƙashin gadar hanyar ƙauyen Tapera.

"Barci yake yi, ko giyar daren Asabar ce?" in ji Sufeto.

"Ni dai ungulaye na gani sun jeru a kan gada. Su za ka tambaya, Sufeto."

Gawar na kwance rigingine a kan yashi. Tsoho ne siriri, ya haura saba'in, da riga mai maɓallai da baƙin wando da shuɗin silifas. Akwai ƙujewa a kafaɗa da gefen fuska, amma babu jini a yashin. Duk wanda ya leƙo daga sama zai ce tsoho ne marar gani sosai ya kauce hanya ya faɗo.

Sufeto ya tsuguna. A saman girar hagu akwai ɗan zanen tawada shunayya. An goge shi, bai fita duka ba. Ya ɗauki hoto da wayarsa, ya kira motar ɗaukar gawa daga babban garin yankin. Aka ce masa sai bayan la'asar.

Da ya koma ofis ya tarar da wata mata zaune a kan benci. Sunanta Gercina Feitosa, mai wanki da guga, ta zo cigiyar mahaifinta. Ya nuna mata hoton. Ta daɗe tana kallo.

"Baba ne," ta ce. "Amma waɗannan ba kayansa ba ne."

"Kin san duk kayan babanki?"

"Ni nake wanke su. Kuma ba shi da wasu kaya, Sufeto. Riga ɗaya ce."

Ta yi bayani a tsanake. Tun da yanar ido ta fara rufe masa gani, Seu Ozanam, wato Malam Ozanam a bakin mutanen garin, ya yi bakance ga Waliyyi Francisco. Ya sa doguwar riga ruwan ƙasa da igiya a ƙugu, ya ajiye takalmi, ya ce haka zai zauna har ranar da idonsa ya buɗe, sannan ya kai rigar Canindé, garin da ake zuwa ziyarar waliyyin, da ƙafarsa. Ita ta ɗinka masa. Zare ruwan ƙasa ya ƙare mata a tsakiya, ta ƙarasa kalmasa bakin rigar da shuɗi.

"Ranar auren 'yata na roƙe shi ya sa takalmi ko don surukai. Ya ce in je in roƙi waliyyin, in ya yarda shi ma ya yarda. Shi ne yau za a nuna min shi da silifas?"

"Yaushe rabonki da shi?"

"Jiya da asuba, a ƙofar Macambira. Wajen gayyar."

Babu wanda bai ji labarin gayyar ba. Mota mai lasifika ta yi mako tana zaga unguwanni da ƙauyuka: duk mai yanar ido ya zo ranar Asabar, za a yi wa kowa aiki a yini ɗaya, gwamnati ce ke biya, kada kowa ya ci komai tun dare. An hana 'yan rakiya shiga saboda cunkoso, aka ce su dawo da yamma.

"Na dawo da yamma. Yarinyar da ke kan tebur ta ce ba su ga mai wannan suna ba. Na ce mutum da rigar waliyyi, ba takalmi, ai ko makaho ya gan shi. Ta ce in matsa, akwai mutane a bayana."

Asibitin Macambira shi kaɗai ke da ɗakin tiyata daga nan har tafiyar rabin yini a mota. A nan ake haihuwa, a nan ake ɗinke wanda babur ya kayar, a nan ake mutuwa. Mai shi, Likita Evilásio Macambira, ya tsufa a cikin farar rigarsa.

Ranar Litinin Sufeto ya je. Tsofaffi sun cika benci-benci, an dawo da su za a cire musu auduga. Kowane ɗaya da zanen tawada shunayya a saman gira, wani a dama, wani a hagu.

Ya zauna kusa da wani dattijo mai hular fata.

"Baba, a ina aka yi maka wannan zanen?"

"A ciki, bayan sun tuɓe mu sun sa mana wata riga mai buɗaɗɗen baya. Na ce wa yarinyar, 'yar nan, wajen nan ban da matata babu wanda ya taɓa gani, ke kuwa kin samu a banza."

"Ka ga wani mai rigar waliyyi a layi?"

"Sufeto, da ina gani, me zai kawo ni?"

Na gefensa suka yi dariya. Sufeto bai yi ba. Zaure cike da shaidu, kuma duka ranar idonsu a rufe yake.

Likita Evilásio ya tare shi a bakin ofis da hannu biyu.

"Jurandir ɗan Zuleide! Ni na yanke maka cibiya, ka sani ko? Ka zo duniya kana ihu kamar an taka wutsiyar kyanwa. Yaya tsohuwa? Ban gan ta ba ranar Asabar."

"Tana nan, Likita. Batun Ozanam Feitosa na zo."

"Allah ya ji ƙansa. Na ji a rediyo. Ni ranar ina tare da baƙi daga ma'aikatar lafiya, tun safe har bayan abinci. Gleidson ne ya riƙe harkar layi. Gleidson!"

Manajan ya shigo. Mijin 'yar Likita ne, matashi, ya yi karatun kasuwanci a São Paulo, kuma har yanzu harshensa bai koma na gida ba.

"Ba mu karɓe shi ba," ya ce. "Ƙila ya shiga layi ya gaji ya tafi. Tsofaffi ne, Sufeto. Wani ma ya bar layi saboda akuyarsa za ta haihu."

Sufeto ya miƙa masa wayar. "Wannan zanen fa? An ce a ciki ake yin sa."

Gleidson ya kalli hoton sau ɗaya, ya mayar.

"Alƙalami ne, ana sayar da irinsa a kowane kanti. Kuma ba mu kaɗai ke taɓa idon mutane a garin nan ba. Ka leƙa wajen baiwar Allah nan ta bayan kasuwa, wadda ke ganin marasa lafiya ba lasisi."

Likita Neuma Pordeus 'yar garin ce, mahaifinta tela ne. Ta yi karatu a Fortaleza, babban birnin jihar, ta yi aikin ido shekaru a can, sannan ta dawo ta kama wani tsohon shagon yadi ta gyara shi. Sufeto ya same ta ita kaɗai a ɗakin da ke warin sabon fenti, injin aikin ido na lulluɓe da leda.

"Kin san Ozanam Feitosa?"

"Ban san shi ba."

"Mutumin da ya daɗe yana yawo a kasuwar nan da rigar waliyyi. Ƙofarki na kallon kasuwa."

Ta ja kujera ta zauna.

"Na duba shi. Watan jiya. Ban karɓi ko sisi ba, ban kuma zana masa komai ba. In ka rubuta wannan, lasisin da nake jira ya tafi."

"Me kika gani?"

"Yanar ido ce, amma ba ta gaggawa ba. Abin da ya dame ni ciwon sugansa. Yana yi wa kansa allura kullum da safe. Na ce masa kada ya yarda a yi masa aiki sai an daidaita sugan, kuma kada ya kuskura ya yi allurar ba tare da ya ci abinci ba. Ya nuna min mazarƙwaila a aljihun rigar, ya ce wannan ce likitarsa, in ya ji jiri sai ya gatsa. Na ce ya jira ni in buɗe. Ya ce, 'yata, tun jikata na rarrafe nake layin Macambira, yanzu tana makaranta."

"Me ya sa layin ya tashi a yini ɗaya?"

Ta yi murmushin da ba na daɗi ba.

"Ma'aikatar lafiya ba ta ba asibiti na biyu kwangilar tiyata a gari sai in na farko ya kasa, wato sai in akwai layi. Shekara da shekaru layin nan bai motsa ba, babu wanda ya damu. Ranar da na kafa allo, sai suka ɗaure likitan sa barci guda ɗaya da ke garin da yarjejeniya, ba zai yi aiki da kowa ba sai su. Suka sayi inji na biyu. Jami'an ma'aikatar lafiya za su zo duba ni mako mai zuwa, sai aka gayyace su tun Asabar su zo su ga gayya. Aka ɗauko likitoci haya daga Fortaleza. Har waɗanda tabarau kawai suke buƙata an yanka. Yanzu in jami'an sun zo wurina za su tambaye ni, ina marasa lafiyar da za ki yi wa aiki?"

"Wannan laifi ne?"

"Kai ne ɗan sanda, Sufeto."

Ba laifi ba ne, kuma ya sani. Ya kuma san wani abu da bai faɗa mata ba. Mahaifiyarsa na cikin layin nan, tana da suga ita ma, kuma shi ne ya hana ta zuwa gayyar. Ya ce mata ta jira Neuma.

Da rana ya je gida cin abinci. Mahaifiyarsa, Dona Zuleide, na zaune a baranda, matashin saƙar leshinta a gefe, zaren a yadda ta bar shi tun bara. Ta laluba ta turo masa kwanon shinkafa da wake da garin rogo.

"Odete ta je," ta ce, tana nufin maƙwabciyarta. "Yau da safe ta leƙo ta katanga ta ce min ashe haka mijinta yake da muni, ta zauna da shi duk shekarun nan ba ta sani ba. Ni kuwa ɗana mai ilimi ya ce in jira."

"Inna, mutum ya mutu a wajen."

"Saura kuma suna gani. Ci abincinka."

Ya ba ta labarin rigar. Ta ajiye cokali.

"Cire masa aka yi? Wa ya cire?"

"Shi nake nema."

"To ko wane ne ya ɗauko wa kansa. Wanda ya mutu da bakance a wuyansa ba ya kwanciya, sai wani ya cika masa. Wanda rigar ta ƙare a hannunsa, shi abin ya hau."

"In an ce masa ya ƙone ta fa?"

"Ɗan garin nan? Rigar waliyyi? Jura, ko kai da ba ka zuwa coci sai ranar jana'iza ba za ka iya ba."

Ya gama cin abincin da sauri.

Cocin Waliyyi Francisco na kan tudu a bayan gari. A gefensa akwai ɗaki inda waɗanda suka warke ke ajiye abin da suka yi alkawari: ƙafafu da hannaye da kawuna da aka sassaƙa da itace, sandunan guragu, kitson gashi. Riguna ruwan ƙasa na rataye a kan ƙusoshi a bango ɗaya. Sufeto ya bi su yana ɗaga bakin kowace. Ta ƙarshe ce ke da shuɗin zare.

Tururuwa na hawa bangon suna shiga aljihunta. Ya sa hannu ya ciro mazarƙwaila a ƙunshe cikin takarda. Ba a gatsa ba.

Tsohuwar da ke riƙe da mabuɗin ɗakin na tsaye a bakin ƙofa.

"Wa ya kawo wannan, Inna?"

"Abin da aka kawo wa waliyyi ba a tambayar wanda ya kawo."

"Mai ita bai warke ba. Yana ɗakin ajiye gawa."

Ta yi alamar gicciye a ƙirjinta.

"Nonato ne, direban motar asibiti. Lahadi bayan an tashi daga addu'a. Tun daga ƙasan tudu ya hau da gwiwa."

Nonato na wanke motar a bayan asibiti, kusa da ɗakin wanki. Shi da Sufeto aji ɗaya suka yi a firamare. Simintin ya yi zafi, yana ta ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya.

"Nonato, ina takalminka?"

"Yatsa ke min ciwo, mutumina."

"Duka goman?"

Nonato ya ci gaba da goge gilashi.

"Ranar Asabar da rana ina ka je da motar nan?"

"Ko'ina. Tana nan. Tambayi kowa."

Sufeto ya buɗe jakar leda ya nuna masa bakin rigar. Nonato ya kashe famfo. Ya zauna a kan matakalar motar, soson na hannunsa.

"Ce min aka yi in ƙone ta," ya ce. "Har na zuba mata fetur a bayan gida, na kasa ƙyasta ashana. Na cire mazarƙwailar, na wanke rigar da hannuna, na mayar da ita aljihu."

"Wa ya ce ka ƙone?"

"Seu Gleidson."

Sauran ya fito a hankali. Bayan azahar manajan ya kira shi zuwa ɗakin ajiyar kaya na bayan ɗakin wanki. Tsohon na kwance a kan gadon turawa, cikin rigar asibiti, jikinsa sharkaf da gumi mai sanyi. Gleidson ya ce za a kai shi babban asibitin yankin, amma a sa masa kaya tukuna. Ya ɗebo riga da wando da silifas daga kwandon kayan da marasa lafiya suka manta. Nonato ya ce ai ga rigarsa nan a leda. Gleidson ya ce ba wannan ba, rabin gari sun ga rigar nan a layi.

"Seu Gleidson ya shiga gaba kusa da ni. Da muka zo mararraba na kama hanyar kwalta, ya ce in yi hagu. Na ce hanyar Tapera ce. Ya ce in yi hagu. Rana na ƙuna, ko kare babu a waje. A kan gada ya ce in tsaya, ya leƙa baya, ya ce ya riga ya cika."

"Ya cika ɗin?"

Nonato ya kalli ƙafafunsa.

"Ina jin munshari daga baya, Jura. Tun daga asibiti. Ban san inda ya tsaya ba."

"Ka taɓa wuyansa?"

"Ni direba ne. Ya ce ya cika, na kama ƙafafu. 'Ya'yana huɗu a asibitin nan aka haife su, matata a ɗakin girkinsa take aiki. Ina kake so in je?"

Sufeto ya mayar da rigar cikin leda. Ya ce ya sa takalmi ya biyo shi ofis. Nonato ya ce takalmi kam sai bayan ya kai Canindé.

Ranar Alhamis takardar kame ta fito daga wajen alƙali. Sufeto ya shiga ofishin manaja, ya shimfiɗa rigar a kan tebur, ya ɗora mazarƙwailar a kai. Gleidson ya kalli rigar, ya jingina da kujera.

"Na ce masa ya ƙone ta."

"Ya gaya min."

"Mutanen nan," ya ce, ya girgiza kai. "Rigar buhu."

"Yaushe ya faɗi?"

"Kafin azahar. An riga an shirya shi, yana zaune a layin shiga tiyata, sai ya zame daga kujera. Malamar asibiti ta kira ni. A daidai lokacin baƙin na shigowa ta ɗaya ƙofar tare da surukina, da mai ɗaukar hoto. Na ce a tura shi baya na ɗan lokaci, su wuce. Na ɗauka yunwa ce, tsofaffi da yawa sun yi jiri ranar. Na ce wa malamar ta koma bakin aikinta, ni zan kula."

"Ka kula?"

"Baƙin ba su wuce ba. Suka tsaya tambayoyi, suka shiga ɗakin tiyata, sannan aka zauna cin abinci. An gasa akuya. Ni ne mai bayani, ba ni da halin tashi. Da na koma ba ya amsawa."

"Akwai likitoci cike da asibiti. Ruwan suga ɗaya za a sa masa."

"In na kira likita, sai a rubuta. In aka rubuta, baƙin na nan." Ya gyara zama. "Sufeto, ka san abin da ke riƙe da asibitin nan? Ba haihuwa ba ce, ba ɗakin gaggawa ba. Waɗannan asara ce tsantsa. Aikin ido ne ke ciyar da su. Garin nan ba zai ɗauki ɗakin tiyata biyu ba. In aka raba kwangilar, ita ba za ta rayu ba, mu ma haka. Ranar da ɗanka ya faɗo daga babur, bayan kasuwa za ka kai shi a duba masa ido?"

"Yana numfashi lokacin da kuka jefa shi?"

"A'a."

"Direba ya ji munshari."

"Motar ta tsufa. Ƙarar inji ce."

"Likita Evilásio ya sani?"

"Bai san komai ba."

Sufeto ya sa masa ankwa. Suka fito ta zauren jira, tsakanin tsofaffin da aka cire wa auduga, waɗanda yanzu suna gani. Suka bi su da kallo. Likita Evilásio na tsaye a ƙofar ofishinsa, hannayensa cikin aljihu.

"Lauya na hanya, Gleidson," ya ce. Sannan ya juya ga Sufeto. "Ka gaida min Zuleide. Ka ce mata sunanta na nan a layi."

Rahoton ma'aikatar lafiya ya fito bayan mako biyu. Ya ce mutuwar laifin mutum ɗaya ce, kuma tana gaban kotu. Ya ce Pedra Mansa ba ta da sauran layin masu yanar ido da ya kai a ba wani asibiti kwangila. Ya kuma ambaci cewa mai neman kwangilar ta duba marar lafiya kafin ta sami lasisi. A bayanin da Sufeto ya rubuta da hannunsa suka ga wannan.

Ranar da Likita Neuma ke loda injinta a babbar mota, ya tsaya a hayin titi. Ta gan shi, ta tsallako.

"Dole ne in rubuta," ya ce. "Ba tare da bayaninki ba, babu batun suga."

"Na sani. Ko ba ka rubuta ba, amsar ɗaya ce." Ta dubi shagon. "Yaya idon Dona Zuleide?"

"Yana ƙara rufewa."

"Ka kawo ta Fortaleza in kana da hali."

Ba shi da hali, kuma takardar da gwamnati ke biyan jinyar mahaifiyarsa da ita a wannan yankin kawai take aiki. Ya ce to.

Shagon ya koma na sayar da kayan babur. Asibitin Macambira ya sayar da injinsa na biyu kafin Kirsimeti, likitocin haya ba su sake zuwa ba, motar lasifika ta koma tallar kayan ɗaki. Sufeto ya je ya tambayi ranar da za a yi wa mahaifiyarsa aiki. Yarinyar kan tebur ta ce a jira kira. Dona Zuleide ta sa an naɗe matashin leshin an ɗora a saman kabad, ba ta kuma sake yi masa maganar Odete ba.

An ba da belin Nonato a matsayin mai ba da shaida. A watan Oktoba ya kai rigar Canindé a ƙasa, ba takalmi, Gercina na biye da shi a motar masu ziyara. Da suka dawo ta wuce ofishin 'yan sanda kai tsaye, ta zauna a bencin da ta zauna ranar farko.

"Abu ɗaya nake so in sani, Sufeto. Da aka sauke shi a gadar, da ransa?"

Sufeto ya buɗe rahoton likitan binciken gawa, wanda ya iso makon da ya wuce, ya karanta mata. Rahoton ya ce faɗuwar sugan jini ce ta kashe Ozanam Feitosa, wani lokaci tsakanin azahar ɗin Asabar da faɗuwar rana. Gleidson Arrais na nan kan cewa a mota ya cika. Nonato na nan kan cewa ya ji munshari. A layin da ake tambaya ko mamacin na da rai lokacin da ya faɗa kan yashin, likitan ya rubuta cewa zafin rana ya ɓata gawar, ba a iya tantancewa ba.